Saniyar Safa da Rancen Japan

Tun da Ziyad ya sauka gidanmu a Dutse da buhun shinkafa da kwalin madara, hankalina ya ƙi kwanciya. Ziyad ƙanin maigidana Abdussamad ne, autan ɗakinsu, yana aiki a wani kamfanin saka jari a Legas. Duk zuwan da yake yi, tsarabarsa ba ta wuce biskit ɗin yarinya da surutu. Wannan karon har turmin atamfa ya ajiye a gabana.

"Matarmu, ga ladan tuwon da na daɗe ina ci," in ji shi.

"Tuwon da ka ci a gidan nan ya fi ƙarfin turmi ɗaya," na ce. "Faɗi abin da ya kawo ka."

"Yaya, ka ji ta ko? Wai a ofishin 'yan sanda ka samo matar nan?"

Abdussamad ya yi dariya, ni ma na yi. Amma dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bayan la'asar suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ina gefe ina tsintar wake, 'yata Safa, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, tana kwashe tsakuwar da na fitar tana mayar mini cikin faranti. Nan Ziyad ya kwance bakin jakarsa.

"Yaya, abin ba wuya. A Japan bankuna suna ba da rance kusan kyauta, abin da suke ɗorawa a kai bai taka kara ya karya ba. Mu kuma a nan gwamnati tana neman rance ido rufe, tana sayar da takardun bashi, tana biya da tsoka. To, kamfaninmu sai ya karɓo can da araha, ya canja kuɗin su koma naira, ya sayi takardun nan. In lokaci ya yi a mayar wa mutanen Japan nasu. Abin da ya hau kai namu ne."

"Wannan ba kuɗin ruwa ba ne?" in ji Abdussamad.

"Kuɗin da nake so 'yan'uwa su kawo a sukuk za a zuba shi, jari na halal wanda malamai suka duba suka sa hannu. Kai da ka tashi a ruga ma za a tsaya yi wa dogon bayani? Habbanaye ce fa. Ka karɓi saniyar wani, ta haifa maka maruƙa, ka mayar masa da uwar."

Da ya ambaci habbanaye sai hannuna ya tsaya a cikin wake. Al'adar mutanenmu ce ta ruga. Idan ɗan'uwa ya rasa dabbobinsa, sai a ba shi aron karsana ya kiwata, ya sha nononta, abin da ta haifa nasa ne, bayan haihuwa uku ya mayar da ita ga mai ita. Ba a karɓar ta kafin lokaci. Kuma a gidanmu saniya ɗaya ce take wannan zaman. Ranar sunan Safa, surukata Dada ta ba ta karsana mai farin goshi, ana ce mata Wule. Da ambaliya ta cinye wa Idirisu, wani ɗan'uwansu a rugar bayan Miga, abin da ya mallaka, Dada ta miƙa masa ita. Ta haihu sau biyu a hannunsa, yanzu tana ɗauke da cikin na uku. Safa ba ta da wani abu a duniya da za a nuna a ce nata ne sai wannan saniyar.

"Ɗan Legas," na ce, "mai habbanaye saniyar da aka ba shi ita yake mayarwa. Ku kun ce kuna canja kuɗin. Kamar ka sayar da saniyar aro ne ka sayi awaki. Ranar mayarwa in shanu sun yi tsada fa?"

Ya tafa hannu. "Wallahi da Legas kike da mun ba ki kujera! Haɗarin ke nan, ban ɓoye ba. In kuɗin Japan ya tashi ko naira ta faɗi, akwai asara. Amma muna da mutanen da aikinsu ke nan, ido a kan kasuwa ba ƙyaftawa."

Bai ji haushi ba, bai kuma rikice ba. Abin da ya fi damuna ke nan. Ya amsa kamar wanda aka sha yi wa tambayar.

Kwana biyun da ya yi a gidanmu na sa masa ido. Ziyad da na sani ba ya barin loma a kwano, amma yanzu sai ya ci rabi ya ture, ya ɗauki waya yana kallon wasu layuka ja da kore masu hawa da sauka. In an kira shi sai ya fita har bakin titi kafin ya amsa. Da safe na kai masa kunun gyaɗa a zaure, na tsaya ban tafi ba.

"Tambaya ɗaya ta hana ni sukuni," na ce. "In mutanen Japan suna ba ku kusan kyauta, me za ku yi da ɗan abin da 'yan'uwa za su tattaro?"

Ya busa kunun ya kurɓa. "Masu ba mu rancen ne suka ce mu ƙara abin da muka ajiye a wurinsu na jingina."

"Me ya sa sai yanzu?"

"Sun ɗan ɗaga abin da suke ɗorawa. Manyan ƙasashe ma yanzu gwamnatocinsu suna biya da yawa a kan bashinsu, to wasu masu jari suna ganin gara su kwashe kuɗinsu su koma gida. Tsoro ne kawai, matarmu. Lokacin da kowa yake gudu shi ne lokacin shiga."

"Ni in na ga mutane suna fitowa daga kasuwa a guje, ba na goya yarinya in kutsa ciki."

"Shi ya sa har yau kike ɗinkin hijabi da keke ɗaya," ya ce yana dariya. "Ƙaro mini sukari, don Allah."

Ban yi zaton ɓarawo ba ne, har yanzu ma ban yi ba. Na ga dai mutum ne da ruwa ya kai masa ƙirji, yana kiran na bakin gaɓa su shigo wai ba zurfi.

A ranar, kafin Abdussamad ya fita aiki, ya same ni a ɗaki ina guga. Ya daɗe yana gyara hularsa a madubi, hular da ba abin da ya same ta.

"Raihana, ranar Asabar za mu je Miga. Za a karɓo Wule a kai ta kasuwar Gujungu."

Na ajiye dutsen guga a tsaye. "Malam, saniyar yarinya?"

"Don yarinyar nake yi. Ki duba fa, saniya tana gidan wani, nononta na wani, 'ya'yanta na wani. Gobe ciwo ya kama ta, ko ɓarayi su bi dare, shi ke nan. Albashina kin san inda yake tsayawa. Kuɗin makaranta kullum sama yake yi. Ziyad ya ce kafin shekara ta zagayo abin zai haifi abin da saniya ba ta haifa ba."

Maganarsa ba ta banza ba ce, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na ce, "Saniya ina iya zuwa in gan ta da idona. In ta rame in san ta rame. Wannan abin na Ziyad a ina zan je in duba shi?"

"Ƙanina ne. Cutata zai yi?"

"Ban ce zai cuce ka ba. Shi ma ai ba a hannunsa abin yake ba. Wasu mutane a ƙasar da ba mu taɓa gani ba su tashi da safe su canja ra'ayi, saniyar Safa ta tafi."

"Dada ta yarda," ya ce, ya ɗauki makullin babur ɗinsa.

Da ya fita na zauna ina lallashin kaina. Al'ada ba za ta bari ba. Saniya mai ciki, a gidan aro, wa zai sa mata igiya? Idirisu zai ce a yi haƙuri ta sauka. Ko Dada ta tuna ita ce ta miƙa ta da hannunta. Amma can ƙasan zuciyata na san mutanenmu. Na ce da Abdussamad zan bi su in gaida Dada, bai hana ba.

Muka shiga motar haya daga tasha, Ziyad a gaba, mu a baya, Safa a cinyata. Gero ya nuna a gonaki dama da hagu, wasu har sun fara yanka. Mun wuce Kiyawa direba ya kunna rediyo, aka ci sa'a wani masanin tattalin arziki yana bayani da Hausa. Yana cewa shekara da shekaru masu kuɗin duniya suna cin rance mai araha a wata ƙasa suna zubawa a wata, kuma duk ranar da rancen ya daina araha za su nemi fita gaba ɗaya, ƙofa kuwa ɗaya ce. Ya ce ƙananan ƙasashe irin tamu su ake fara takewa.

"Direba, ba ka da waƙa ne?" in ji Ziyad. "Waɗannan masanan kullum duniya za ta tashi gobe."

Direba ya canja tasha. Na dubi Abdussamad, shi kuma ya mayar da fuskarsa taga.

Daga Jahun muka sake mota zuwa Miga, daga can muka hau babura zuwa ruga. Muna isa na yi abin da aka koya mini tun ina yarinya. Na sauke Safa, na tura ta wajen kakarta, ban ƙara kallon inda take ba. Safa 'yar fari ce. A Dutse, in mu kaɗai ne, ina kiran sunanta har maƙwabta su ji, in rungume ta, in yi mata kitso tana kuka ina rarrashi. Amma a gaban manya uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ba ta shiga maganarsa ko da dukansa ake yi. Dada kanta haka take da Abdussamad, nata ɗan farin. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba. In tana da magana da shi sai ta dubi wani ta ce, "A gaya wa mutumin Dutse." Ziyad kuwa, auta, tana ganinsa ta kama hannunsa tana cewa Legas ta ramar mata da shi.

Aka shimfiɗa wa maza tabarma a gindin tsamiya, Dada a kan kujerarta 'yar tsugune, Safa a jikinta. Ni ina bayan zana tare da matan gidan, ana dama fura. Ta ramin zanar nake hangen komai.

Can sai ga Idirisu. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Yana janye da Wule, cikinta ya sauko har tafiyarta ta canja, ɗan maraƙinta na bara yana biye yana kuka. Ya riga ya sa mata igiya tun kafin a tambaye shi. Ya durƙusa ya gaida Dada, ya gaida su Abdussamad, ya miƙa bakin igiyar da hannu biyu.

"Ga amanarku. Allah ya saka da alheri. Ta yi mana rana."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai ce tana da ciki ba, alhali kowa yana gani. Bai ce lokaci bai yi ba. Wanda aka yi wa alheri ba ya buɗe baki ya ce a ƙara masa, ko da 'ya'yansa za su kwana ba nono. Matarsa Suwaiba tana kusa da ni, ta sunkuyar da kai tana ta juya ludayi a cikin furar da ta riga ta damu.

Na dubi Dada. Ta kafe saniyar da ido, bakinta yana motsi kamar mai jan carbi, amma ba ta ce komai ba. Ta yaya za ta tsawata wa ɗan fari a gaban jama'a, ita da ko sunansa ba ta kamawa? Abdussamad ya karɓi igiyar yana kallon ƙasa. Na tabbata shi ma bai so ganin cikin nan ba, amma ya riga ya yi wa ƙaninsa alkawari. Ziyad yana gefe yana waya da mai motar da zai ɗauki saniyar, yana kwatanta masa hanya. Kowa yana jiran wani ya yi magana, kunya ta ɗaure bakin kowa.

Na ajiye ƙwaryar da ke hannuna. Wata gwaggon Abdussamad ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Ke, ina za ki?" Na zame na fita.

Na durƙusa nesa kaɗan da tabarmar maza.

"Dada, a gafarce ni. Saniyar nan ta Safa ce. Safa 'yata. Ban yarda a sayar da ita ba."

Wata ta ce "La'ilaha illallahu" a bayan zana. Safa da ta ji sunanta a bakina ta zame daga jikin kakarta ta taho da gudu ta faɗa kaina. A gaban kowa na riƙe ta. Tun da na riga na ɓata, ban ga amfanin ture ta ba.

"Raihana, tashi ki koma ciki," in ji Abdussamad, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Zan koma, Malam. Ziyad ya faɗa wa Dada abu ɗaya tukuna. In abin nan ya juya, saniyar za ta dawo?"

Ziyad ya sauke wayar daga kunnensa. Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Haba matarmu, a gaban Dada za ki titsiye ni?"

"A gabanta nake so."

Ya dubi uwarsa, ya dubi wansa. "Ba wanda zai iya rantse miki a kan kasuwa," ya ce. "Amma ina da yaƙinin za a samu."

Dada ta gyara zama. Ba ta dube ni ba, gwaggon nan da ta biyo ni ta duba.

"Ashe haka birni yake yi wa mutum. A zamaninmu mace ta kama sunan 'yar fari a gaban uwar miji, sai ta bar garin. Wannan ko ido ba ta rufe ba." Ta yi tsaki. Sannan ta ce, "A gaya wa mutumin Dutse, saniya tana gidan aro. Ni na kai ta da hannuna. Ba a tayar da mai ciki. Idirisu, kwance mata igiyar nan, tana shaƙe ta."

Idirisu bai motsa ba sai da Abdussamad ya miƙa masa igiyar. Ya kwance, ya naɗe ta a hannu, ya juya da saniyar da maraƙinta ba tare da ya dubi kowa ba.

Sauran yinin bai yi mini daɗi ba. Matan gidan suka riƙa tsokanata, wata ta ce in sake faɗin sunan su ji ko da daɗi a baki, wata ta ce gobe sai in kira mijina da sunansa a kasuwa. Dada ba ta amsa gaisuwata ta sallama ba. Ta dai sa aka ɗauro wa Safa man shanu a kwalba, ta ce a ba "yarinyar mutanen birni". Ziyad ya ce zai kwana biyu a wajenta. Da za mu tafi ya rako mu bakin hanya, ya ce, "Matarmu, ranar da riba ta fito kar ki zo kina mini murmushi." Na ce in ta fito har guɗa zan yi masa, kuma da gaske nake.

Kafin mu hau babur na ja Suwaiba gefe. Na tambaye ta ko tana da waya, ta ce akwai ta ɗanta babba. Na sa ta karanto mini lambar, na kira don tawa ta shiga. Na ce duk ranar da ta ga baƙuwar mota ta tsaya kusa da garkensu, ko wani ya zo duba saniyar da sunan gaisuwa, ta kira ni, ko da sau ɗaya ne ta katse.

A mota Abdussamad ya juya mini ƙeya har muka wuce Jahun. Safa ta yi barci, kwalbar man shanu a rungume. Sai da muka kusa Kiyawa ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Dada ta ba shi bijimanta biyu. Gobe za a kai su Gujungu."

Na juyo na dube shi. "Yaushe aka yi haka?"

"Kina cikin mata. Ta ce ba za a ce autanta ya zo gida ya koma hannu rabbana ba." Sannan ya ƙara, "Ni ma na ce masa zan sayar da babur ɗina. Na riga na yi alkawari, Raihana. Ba zan zama ƙaramin mutum a wajen ƙanina ba."

Bijimai na Dada ne, babur nasa ne. Abin da nake da bakin magana a kansa na yi, kuma na biya da kunyata.

"Allah ya sa alheri, Malam," na ce. "Sai mu nemi mai adaidaita da zai riƙa kai yarinya makaranta."

Da muka sauka a tashar Dutse, ya tsaya neman abin hawa, ni kuma na tsallaka wajen mai sayar da katin waya. Na sayi na ɗari biyar, na tura wa lambar ɗan Suwaiba, na tsaya har sai da saƙo ya nuna ya shiga.